Asma'u: Wa Ke Bin Wa Bashi?



Akwai sunan da ba na kira a cikin gidana. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, kuma da aka haifa mini 'ya mace shekara 19 da suka wuce sai na mayar mata da shi. Kun san al'adarmu, tun ranar aka sakaya, kowa Ummi yake ce mata har malamanta na Islamiyya. Amma a ƙofar gidajen mutane, da sassafe bayan an raba goro, in uban jaririya ya matso ya raɗa mini a kunne, na sha ɗaga murya in ce an samu Asma'u, Allah ya raya. A layinmu kaɗai akwai Ma'u, akwai Husna har biyu, akwai kuma jikar maƙwabtanmu Yarbawa da suke kira Asimawu. Duk suna ɗaya ne.

Kwanakin baya ina dawowa daga sallar la'asar na ji wani uba yana yi wa 'yarsa faɗa a zaure. Yarinyar ba ta wuce shekara 12 ba, ta dawo daga talla kuɗi bai cika ba. Cikin faɗan na ji ya ce, "Ke dai ba ki ci sunanki ba, an yi asarar rago." Ni na raɗa wa yarinyar nan suna, ni na yi fatiha aka shafa. Na wuce ban tanka ba, amma maganar ta biyo ni har gida. In mutum ya ɗauki sunan babbar mace ya ɗora wa jaririya 'yar kwana bakwai, wa ke bin wa bashi? Yarinyar ce ta ci bashin sunan, ko kuwa uban da ya zaɓa?

Bari mu fara da sunan kansa. Balarabe ne, kuma malaman nahawu sun yi saɓani a kan tushensa. Masu bin ra'ayin Sibawaihi sun ce daga wasama ya fito, wato kyan fuska, asalinsa Wasma'u sai aka juya wawun ya zama hamza. Mubarrad ya ce a'a, jam'in ismu ne, wato sunaye. Mutanenmu da suke yi wa Asma'u inkiya da Husna, saboda Asma'ul Husna, ra'ayin Mubarrad suka bi ko da ba su taɓa jin labarinsa ba. Ni dai ban isa in raba wannan gardama ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sunan ya girmi zuwan Musulunci, kuma a Makka suna ne kamar kowane suna. Mahaifiyar Abu Jahli ma sunanta Asma'u, 'yar Mukharriba, wadda aka ce ta musulunta daga baya tana sayar da turare a Madina. Ka ga ke nan a ranar da Sayyadina Abubakar ya sa wa 'yarsa wannan suna babu wata daraja ta musamman da ke cikinsa. Buhu ne fanko. Daga baya aka cika shi.

Yadda aka cika shi kuwa yawancinmu mun ji tun muna Islamiyya, sai dai mun ji shi a gurguje. A shekarar hijira, 622, lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Abubakar za su bar Makka a ɓoye, Asma'u ce ta haɗa musu guzuri. Aka rasa abin da za a ɗaure bakin jakar abinci da salkar ruwa, ta kwance ɗamararta ta tsaga biyu. Daga nan ta samu laƙabin Zatun Niɗaƙaini, mai ɗamara biyu. Da Ƙuraishawa suka zo ƙofar gida neman mahaifinta ta ƙi faɗin inda yake, Abu Jahli ya kwaɗa mata mari har ɗan kunnenta ya faɗi. Mutumin da uwarsa ke da sunan nan, shi ya mari mai sunan. Abubakar kuma ya tafi da duk kuɗinsa, dirhami dubu biyar ko shida, bai bar komai a gida ba. Kakanta Abu Ƙuhafa, tsoho makaho wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zo yana mita cewa an bar yara hannu wofi. Sai ta tara duwatsu a gurbin da ake ajiye kuɗi, ta rufa da zane, ta kama hannun tsoho ta ɗora a kai, hankalinsa ya kwanta. Sannan ta kama hanyar Madina da tsohon ciki, ta haihu a Ƙuba. Ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu shi ne jaririn farko da aka haifa wa Muhajirai a can.

Ku lura da abu guda da muke tsallakewa. Wannan tafiya sirri ce da rai ke rataye a kanta. Ƙuraishawa sun sa ladan raƙumi 100 ga duk wanda ya kamo su. Amma Abubakar ya bar 'yarsa mace ta san komai, ya kuma ba ta nata aikin a ciki. Mutum ba ya wayar gari ya danƙa wa yaro irin wannan amana sai in ya daɗe yana zama da shi, yana magana da shi, ya san nauyin hankalinsa. Mu nawa ne a nan Sabo 'yarmu ta san ko nawa ne jarinmu, ko wa muke bi bashi? Wani ma rabonsa da ya zauna hira da 'yarsa tun tana rarrafe.

Na san abin da wani zai ce, don an taɓa faɗa mini a kasuwa. Ai ita Asma'un ma ta yi dako a ka, to mene ne laifin talla? Gaskiya ne ta yi wahala, kuma da bakinta ta ba da labarin, yana cikin Bukhari. Zubairu ya aure ta ba shi da komai sai doki da raƙumin ban ruwa. Ita ke ciyar da dokin, ita ke jan ruwa, ita ke ɗinke guga, ita ke kwaɓa gari. Ta ce ba ta ma iya gasa gurasa da kyau ba, maƙwabtanta matan Ansaru ke taimaka mata. Tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar Zubairu, tafiyar kamar mil biyu. Duk wannan ya faru. Amma a karanta hadisin har ƙarshe mana. Na farko, matar aure ce babba tana aikin gidanta, ba yarinya ce 'yar shekara 12 da tire a tashar mota tsakanin direbobi da kwandastoci ba. Na biyu, shi Zubairu da kansa ya nuna mata cewa wannan dakon yana yi masa ciwo a rai. Na uku, kuma nan ne maganata take, labarin ya ƙare ne da Abubakar ya aiko mata da mai hidima ya karɓi aikin dokin, har ta ce ji ta yi kamar an 'yanta ta. Ta yi aure, ta bar gidansa, ta haihu, amma idon uban yana kan kayan da ke kanta, ranar da ya samu hali ya sauke. Mu kuwa mun riƙe rabin hadisin da ya yi mana daɗi, mun bar rabin da ke da sunanmu a ciki.

Kuma mace ce da aka saba mata da tambaya. Da mahaifiyarta Ƙutaila ta zo mata ziyara Madina tana kan addinin kakanninta, Asma'u ba ta yanke hukunci da ka ba, ta je ta tambayi Annabi, ya umarce ta da ta sada zumunci da uwarta. Mu da muke zaune cikin mutane iri-iri, wasunmu ma da surukai a cikinsu, wannan fatawa tamu ce. Duk wanda ya buɗe Muwaɗɗa zai ga wata sarƙa da nake so ƙwarai: Imamu Malik ya karɓa daga Hishamu ɗan Urwa, Hishamu daga matarsa Faɗimatu 'yar Munziru, ita kuma daga kakarta Asma'u. Mata biyu a tsakiyar isnadi, kaka da jika, kuma hukuncin da limamai irina ke karantawa a yau ta hannunsu ya biyo. Ta rayu kimanin shekara 100. A shekara ta 73 bayan hijira, Hajjaju ya yi wa ɗanta Abdullahi ƙawanya a Makka, mutane suka watse suka bar shi. Ya zo neman shawararta, tsohuwa makauniya, ta nuna masa cewa in ya san a kan gaskiya yake kada tsoron mutuwa ya sa ya miƙa wuya. Aka kashe shi, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi.

Ba ita kaɗai ce Asma'u a cikin sahabbai ba. Akwai 'yar Yazidu, Ba'ansariya, wadda mata ke turawa ta kai wa Annabi tambayoyinsu. Akwai 'yar Umaisu, wadda ita ce ta fi kama da mu, don ta yi zaman baƙunta na shekaru a Habasha tare da mijinta Ja'afaru, ta haifi 'ya'yanta a can, sai shekara ta 7 suka iso Madina. Da Sayyadina Umaru ya ce mata su sun riga su hijira, ba ta sunkuyar da kai ba, ta kai ƙara, aka kuwa ba ta gaskiya cewa su hijira biyu gare su. An kuma ruwaito cewa ita ta nuna wa Nana Faɗimatu makara mai rufi irin wadda ta gani a Habasha. Wanda ya zauna a ƙasar wasu yakan dawo da abin amfani in ya buɗe ido.

Sai tamu ta gida. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu a Ɗegel wajen 1793, kuma tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Kowa ya san sunan da al'ada ta tanadar wa wadda ta zo tare da Hassan. Shehu ya bar wannan ya kira ta Asma'u, wato zaɓa ya yi da gangan. To me ya yi bayan ya zaɓa? Tana da shekara goma ko sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka shiga shekarun yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. In akwai uban da ke da uzurin cewa a dakata da karatun 'ya mace sai ƙura ta lafa, to Shehu ne. Bai dakata ba. Yarinyar nan ta tashi tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Bello, ta ci gaba da rubutu tana uwar 'ya'ya. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don matan da ba su iya karatu ba su haddace. Ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Da ta rasu a 1864 aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Shi Shehun kuma bai bar mu cikin duhu ba a kan ra'ayinsa. A Nurul Albabi ya caccaki malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai safe da yamma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma nuna cewa neman suna ne ke sa su haka. Na karanta wa mutane wannan wuri sau da yawa. Ban san ni ake nufi ba sai da ta faru da ni.

A watan Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Sasa, rumfata na cikin waɗanda suka ƙone. Ba zan tono wannan ba, waɗanda suka rasa rai sun fi ni asara. Na dawo gida da bashin albasar mutane a kaina da yara biyu a makarantar kuɗi, namiji da mace. Na zauna na yi lissafi, lissafi ya ce ɗaya zai zauna. Wallahi ban ɗauki minti biyar ina tunani ba. Ummi tana aji ɗaya na babbar sakandare, ta fi yayanta ƙoƙari nesa ba kusa ba, kowa a gidan ya sani har shi. Na ce ta ɗan dakata zuwa wani zango ta taya uwarta suyar awara a ƙofar gida. Makarantar gwamnati tana nan, ban ko taka na tambaya ba. Ta ce to, Baba. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Azumin shekarar ya kama a watan Afrilu. Wata ranar Lahadi aka ce in yi wa mata wa'azi, na zaɓi tarihin Nana Asma'u. Na yi bayani har wasu na share hawaye. Da na dawo gida, mai sunan tana tsugune gaban kasko hayaƙi na shiga mata ido. Bayan an sha ruwa uwarta ta kawo mini kunu ta ce, "Malam, wa'azi ya yi daɗi. Ita ta gidan fa?" Na yi fushi, na ce ba ta san halin da nake ciki ba. Ta san shi sarai, ita ke auna hatsin. Zango ɗaya ya zama shekara ɗaya da rabi. A ƙarshe ma ba ni na mayar da ita ba, uwarta ce ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta biya abin da ake bin mu ta ɗinka mata sabon yunifom. Bana ta rubuta jarrabawar WAEC, shekara biyu bayan sa'o'inta. Har yau ban iya buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Wataƙila ta karanta a nan.

Saboda haka in na yi maganar mutumin zaure, ba daga sama nake leƙo shi ba.

Hausawa sun ce suna linzami. Addini ma bai raina suna ba. Annabi ya canza wa mutane sunaye, ya mayar da Barra Zainabu don kada suna ya zama yabon kai. Sa'idu ɗan Musayyib ya ba da labarin kakansa Haznu, mai suna da ma'anar tsauri, wanda aka so a mayar da shi Sahlu ya ƙi, ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. Don haka ba zan ce suna ba ya bin mutum ba. Kyakkyawan suna fata ne nagari, kuma haƙƙin yaro ne. Sai dai linzami ba ya tafiyar da doki shi kaɗai, sai da hannu a kansa, kuma a shekarun farko hannun na uba ne da uwa. Jaririya ba ta roƙi kowa ya kira ta Asma'u ba. Tana barci aka yi. Kai ka tara mutane, kai ka yanka rago, kai ka faɗa a gaban shaidu cewa ga irin matar da kake so ta zama. A kasuwa in mutum ya faɗi magana a gaban shaidu mun san sunanta, kuma mun san wanda ake bi. Yaya za a yi kai ka ɗauki alkawari sannan ka zo kana bin yarinya cikawa?

Ban ce yaro ba shi da nasa kason ba. In ta balaga aikinta nata ne, alƙalami a kanta yake, kuma akwai uban da ya yi iya yinsa Allah ya jarrabce shi. Annabi Nuhu ma ya ga haka a ɗansa. Wanda ya biya nasa yana da bakin da zai ce wa 'yarsa ki tuna sunan wa kike ɗauke da shi, kuma maganar za ta yi nauyi. Ban kuma ce talauci ƙarya ba ne. Na san gidajen da in yarinya ba ta fita da tire ba, ba a ɗora tukunya. Irin wannan gida nauyinsa a kanmu yake mu jama'ar unguwa, da masu zakka, da mu masu hawa mumbari. Amma kowa ya san kansa. Ga yadda na gane nawa: ranar da kuɗi ya gaza, sunan wa ka fara sokewa, kuma minti nawa ka yi kafin ka soke? Akwai mai kukan babu da ya yi sabon aure a shekarar. Akwai wanda kuɗin ragon suna da ankon bikin da aka yi sun isa kuɗin makarantar shekara guda.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman mu mazauna nan. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan, yau fiye da shekara 100. Ku shiga asibitocin garin nan ku ƙirga 'ya'yanmu mata da ke aiki a ciki. Matanmu na zuwa awo da haihuwa, wata ba ta jin Yarbanci sosai ba ta jin Turanci, sai an nemo yaro ya yi mata tafinta a kan abin da ko mijinta tana jin nauyin faɗa wa. Sannan mu dawo majalisa muna ƙorafin ba a kula da mu. Jikar maƙwabcina, Asimawun nan, kullum da safe sai ta gaishe ni da jakar makaranta a baya. Suna ɗaya da tamu, unguwa ɗaya, ruwan famfo ɗaya.

Yanzu na sauya yadda nake raɗin suna. In uba ya zo gaya mini tun ana gobe, ya ce Asma'u, ko Hadiza, ko A'isha, nakan zaunar da shi in tambaye shi me ya sani game da mai sunan. Yawanci amsar ita ce sunan gyatumarsa ne, wanda ba laifi ba ne, ni ma haka na yi. Sai in ba shi labarin a taƙaice, har da wurin da Abubakar ya aiko da mai hidima. Sannan in tambaye shi yayyenta mata suna ina da safe, makaranta ko tasha. Wasu sukan yi dariya su ce Malam ya zama ɗan boko. Wani ya yi shiru ya daɗe, bayan sati biyu na ga babbar 'yarsa da yunifom. Wani kuma ya ce shi suna ya zo a raɗa masa ba tuhuma ba, washegari ya ɗauko wani malami daga Ojoo, aka yi suna lafiya, ko goro ba a aiko mini ba.

Mutumin zaure kuwa har yanzu ban same shi ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa ina juyowa, don ya san labarin kaskon awara, a gabansa aka yi. Matarsa ta sake haihuwa ranar Alhamis da ta wuce, mace, kuma ya aiko cewa ni zan raɗa.